Tarar Jinkirin Kuɗin Haya: Aljihun Wa Take Shiga?



A makon jiya, bayan sallar isha'i, wani maƙwabcina malamin firamare ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya zaro takarda mai shafi uku daga aljihun gaba, ya haska mini da fitilar waya, ya ce, "Malam, don Allah duba mini layin nan na ƙasa, ko idona ne yake gizo." Yarjejeniyar hayar gidan da yake ciki ce, ciki biyu da falo, naira 600,000 a shekara. Layin da ya nuna mini yana cewa idan wa'adi ya cika ɗan haya bai sabunta ba, za a ɗora masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara a kan kowane wata da ya gifta. Wa'adinsa ya cika wata uku ke nan. Dillali ya aiko masa da lissafi, naira 780,000.

Na tambaye shi ko ya karanta kafin ya sa hannu. Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ya ce ranar da mutum ya sami gida bayan ya yi wata biyu yana bin dillalai lungu lungu, matarsa da 'ya'yansa suna rakuɓe a gidan surukai, ko takardar jinginar da kansa aka miƙo masa sa hannu zai yi.

To ku taya ni lissafin nan. Naira 600,000 a shekara, wata ɗaya ya kama naira 50,000. Tarar da aka yanka masa kuwa naira 60,000 ce a wata. Wato tarar ta fi hayar kanta tsada. Watanni ukun da ya zauna bai biya ba kuɗinsu naira 150,000 ne, amma ladabtarwar da aka ɗora a kai naira 180,000. Wannan takarda ce ta sa na ajiye abin da na yi niyyar kawo muku yau, na ce bari mu yi maganar tarar jinkirin kuɗin haya.

Mu dai ba mu taso mun ga wannan sharaɗi ba. Abin da muka sani, idan ɗan haya ya makara, mai gida ya yi sallama da asuba. In abin ya yi nisa a kai ƙara wurin mai unguwa ko liman, ko a nemo wanda ya tsaya wa ɗan hayar tun farko. In mai gidan marar imani ne, ya yanke wuta, ya kulle rijiya, ya cire ƙofar banɗaki, wani ma ya hau sama ya yaye kwano ana tsakiyar damina. Duk mun ga irin wannan, kuma zan dawo kansa. Amma a ce kuɗi ya haifi kuɗi saboda an makara, a rubuce, da sa hannu, wannan baƙo ne. Ya shigo ne tare da takardun yarjejeniya da ake kwafowa daga intanet a shagunan buga takardu, a canza suna da adireshi kawai, a bar sauran yadda aka same shi.

Tunda baƙo ne, ya kamata mu bi sawunsa mu ga yadda ake riƙe shi a gidansu.

A Amurka da Ingila wata wata ake biyan haya. Ranar ɗaya ga wata kuɗi ya shiga, mai gida shi ma ya juya ya biya bankin da ya ba shi bashin sayen gidan. Idan ɗan haya ya makara, mai gida na iya makara, banki kuma ba ya jin "Allah ya ba da haƙuri". Daga nan tarar ta samo hujjarta. Amma da masu gidaje suka mayar da ita saniyar tatsa, sai majalisu suka sa mata takunkumi.

Jihar New York ta yi doka a shekarar 2019. Ba a cin ɗan haya tara sai kuɗin ya wuce kwana 5 da lokacinsa, kuma tarar ba ta wuce dala 50 ko kashi 5 cikin 100 na hayar wata, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mutumin da ke biyan dala 2,000 a wata, dala 50 ce iyakar abin da za a ɗora masa. Ku lura, na hayar wata aka ce, ba na shekara ba. Jihar Texas, wadda aka san ta da sakar wa masu dukiya mara, ita ma ta gindaya cewa dole sharaɗin ya kasance a rubuce cikin yarjejeniya, dole a jira kwana 2 cur, sannan abin da doka ke ɗauka a matsayin daidai shi ne kashi 12 cikin 100 a ƙaramin gini mai gidaje huɗu ko ƙasa da haka, kashi 10 a wanda ya fi haka girma. Jihar Colorado a 2021 ta ba da kwana 7, ta kuma hana a kori mutum daga gida saboda tarar kaɗai.

Ta Ingila ce ta fi ɗaukar hankalina. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2019 ta ce sai haya ta yi kwana 14 ba a biya ba kafin a yi maganar ƙari, kuma ƙarin ba zai wuce kashi 3 cikin 100 a saman kuɗin ruwan babban bankin ƙasar ba, a lissafin shekara. Mu ƙaddara kuɗin ruwan bankin kashi 4 ne, ya zama 7 ke nan. Wanda ya riƙe fam 1,000 har kwana 30, abin da za a ɗora masa bai kai fam 6 ba. Da a ce da wannan ma'auni aka auna maƙwabcina, ko da a kan naira 600,000 ɗin gaba ɗaya aka yi lissafi, tarar wata uku naira 10,500 za ta kama. An nemi 180,000.

Faransa ma ba ta tsaya awo ba. Tun 2014 dokarta ta hana mai gida rubuta sharaɗin tara a yarjejeniyar gidan zama, in ya rubuta kamar bai rubuta ba. Sannan daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, lokacin hunturu, ba a fitar da ɗan haya waje.

Ban kawo waɗannan don in ce Turawa sun fi mu tausayi ba. Ana korar mutane daga gidaje a can kullum, wasu a titi suke kwana. Abin da nake so mu gani shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro abin ba su sake shi babu linzami ba. Mu kuwa mun ɗauko dokin mun baro linzamin a can.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan girma, wanda masu kwafo takarda ba sa tsayawa su duba. A Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ɗan haya ba ya biyan kuɗin zaman da ya yi. Kuɗin zaman da bai yi ba yake biya. Shekara guda cif yake zubewa tun kafin ya kwana a ɗakin, wani wurin ma shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya na ko-ta-kwana wanda sau da yawa ba ya dawowa. 'Yan'uwanmu na Nima a birnin Accra sun san wannan, domin dokar haya ta Ghana tun ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, amma masu gidaje shekara biyu suke nema. Ke nan a tsawon wata goma sha biyu, ɗan haya ne yake bin mai gida bashi. Kuɗinsa na hannun mai gida, ana juya su a kasuwa, ko an sayi siminti an ɗora wani ɗaki. Ban taɓa jin mai gidan da ya kira ɗan haya ya ce ga ladan kuɗinka da suka kwana a wurina ba. To don me ranar da ma'aunin ya karkata ɗaya gefen da mako biyu, sai a ce kowace rana da farashinta?

Bari mu leƙa dokokinmu. A Najeriya maganar mai gida da ɗan haya hurumin jihohi ne, kowace da tata. Wadda aka fi sani ita ce ta Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011. Ta haramta karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya saɓa, ko da yake ta tsame unguwannin masu hannu da shuni irin su Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Ta wajabta ba da rasit. Ta tsara notis, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba: wata ɗaya ga mai biya wata wata, wata uku ga mai biya duk wata uku, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan notis ya ƙare kuma sai a ba da wani na kwana 7, na sanar da cewa za a tafi kotu. Ta ce mai biya wata wata idan bashi ya taru a kansa har na wata shida, hayarsa ta faɗi, kotu na iya karɓe gidan. Dokar da ke aiki a Abuja ita ma haka take a kan tsawon notis, wata shida ga ɗan hayar shekara, sannan kwana 7.

Waɗannan dokoki biyu sun yi dogon bayani a kan yadda ake fitar da mutum daga gida. Ba su yanke adadin tarar jinkiri ba. Nan ne bangon ya tsage, ƙadangaren ya shiga. Abin da ya rage wa ɗan haya shi ne wata tsohuwar ƙa'ida da kotunanmu suka gada daga shari'ar Ingila: kotu na amincewa da diyyar da ɓangarori biyu suka ƙiyasta tun farko idan ta yi kama da asarar gaskiya, amma ba ta zartar da tarar da aka ƙirƙira don razanarwa. Tarar da ta fi hayar kanta yawa da wuya ta tsaya a gaban alƙali mai lura. Sai dai malamin firamare da ya kasa haɗa kuɗin haya, da me zai ɗauki lauyan da zai je ya faɗi wannan? Dillali ya san haka. Shi ya sa takardar take aiki ko da ba ta da ƙafar tsayawa a kotu.

Cire ƙofa da yaye kwano kuwa, wannan babu ja, laifi ne. Dokar Legas ta sa masa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. A sauran wurare ma kotuna sun daɗe suna cewa mai gida ba shi da ikon ɗaukar doka a hannunsa, kuma wanda ya yi yana iya ƙarewa da biyan ɗan haya diyya. Na san masu gidajen da suka shiga kotu suna bin bashi, suka fito ana bin su.

Yanzu ga ɓangaren da na san yawancin masu sauraronmu suna jira. Me addini ya ce?

Hausa tana da wata hikima a nan, ko kuma wani tarko. Kalmar da muke kiran abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗi, da kalmar da muke kiran abin da Allah Ya haramta, a rubuce iri ɗaya ne: riba. Sai a baki ake rarrabe su. Haya halal ce, ciniki ne na amfanin gida. Amma da zarar kuɗin haya ya wajaba ba a biya ba, ya zama bashi a wuyan ɗan haya. Ƙari a kan bashi saboda an ƙara lokaci kuwa, shi ne ainihin abin da Larabawan jahiliyya suke yi, wanda ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka sauka a kansa. A aya ta 280 an yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, a ta 282 kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, an yi umarni a rubuta bashi da wa'adinsa a kafa shaidu. Mu mun riƙi rubutun a inda zai cuci wani, mun saki saurarawar.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda a 1990 a kan cinikin biya kaɗan kaɗan, ta yanke cewa idan mai saye ya makara ba a ɗora masa ƙari, ko an yi sharaɗi tun farko ko ba a yi ba. Ta sake zama a Riyad a 2000 a kan sharaɗin tara, ta ce ya halatta a irin kwangilar gini, inda ɗan kwangila ya makara da aiki, amma bai halatta ba a inda abin da ake bin mutum bashin kuɗi ne. Maginin da ya yi alkawarin gama maka gida a watan Rajab ya kai Shawwal, ana iya zaftare masa. Ɗan hayar da ya makara da kuɗi, ba a ƙara masa.

To shi ke nan mai taurin bashi ya sami mafaka? A'a. Majalisar nan a zaman 1990 ɗin ta ce haramun ne mai hali ya riƙa jan ƙafa, kuma hadisi ingantacce ya kira wannan ɗabi'a zalunci. Bankunan Musulunci sun fuskanci wannan matsala tun da daɗewa, domin idan babu wani abin tsoro kowa sai ya biya su a ƙarshe. Mafitar da suka samu, wadda hukumar da ke Bahrain mai tsara musu ƙa'idojin shari'a ta amince da ita, ita ce mai karɓar bashi ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa idan ya makara da gangan zai fitar da wani abu sadaka, kuma ko sisi ba zai shiga aljihun bankin ba. Abin sha'awa, daga gidanmu na Malikiyya aka samo tushen wannan. Imam Haɗɗabi, mai sharhin Mukhtasar ɗin da malamanmu ke karantarwa a zaure, ya yi littafi a kan alkawuran da mutum ke ɗora wa kansa. A ciki ya bayyana cewa idan ƙarin mai bin bashi zai ci, ɓatacce ne babu saɓani, idan kuwa sadaka ce ga wasu, malamai sun saɓa a kan ko alƙali zai tilasta. Har yau akwai malaman da hankalinsu bai kwanta da wannan mafita ba, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Amma ku dubi inda dukkansu suka haɗu: wanda ake bi yana iya jin zafi, wanda yake bi ba zai ji daɗi ba. Ranar da mai gida ya fara samun kuɗi daga makarar ɗan haya, ranar zai daina addu'ar a biya shi a kan lokaci.

Kada masu gidaje su kashe rediyo, yanzu zan zo kanku, kuma da gaskiyarku.

Ba kowane mai gida ne attajiri ba. Da yawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba garatutinsu a bulo da kwano, saboda sun san fansho ba abin dogaro ba ne. Da yawa mata ne da mazansu suka rasu suka bar musu marayu da ɗakuna huɗu. Wannan haya ita ce tuwonsu, ita ce maganin hawan jininsu. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan yanayi, wanda ya riƙe maka naira 600,000 shekara guda sannan ya kawo, abin da ya miƙo maka ƙarfinsa bai fi na 450,000 ba. Bai ƙara maka ko kwabo ba, ya rage maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ya tafi yana cewa ai ya biya.

Akwai kuma ɗan hayar da ya mayar da abin sana'a. Kuɗin na nan, ya sa su a kasuwa, ko ya canza mota, ko ya ƙara aure, mai gida kuwa kullum "wallahi Alhaji ƙarshen wata". Idan aka ba shi notis sai ya yi murna, domin an yaɗa wata ƙarya a gari cewa wata shidan notis kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Duk daren da mutum ya kwana a gidan wani da kuɗinsa, a cikin notis ko bayan notis, kuma kotu na yanke wa mai gida kuɗin zaman da aka yi bayan wa'adi ya ƙare, har ranar da aka miƙa makulli. Amma kafin a kai ga wannan hukunci an ɗage zama sau nawa? Lauya ya ce notis ɗin ya gaza da kwana ɗaya, a koma farko. Shekara ta wuce, wata ta kama. Ranar da hukunci ya fito a tarar mutumin ya kwashe kayansa da tsakar dare, ya bar bashin wuta da bangon da yara suka zane. Wannan shi ma riba yake ci daga jinkiri, tasa ribar dai ba a rubuce take ba.

Saboda irin wannan mutum ne mai gida ke neman shekara biyu gaba. Saboda shi ne ake cusa sharaɗin tara. Kuma abin takaici, shi tarar ba ta kama shi, domin wanda bai biya uwar kuɗi ba yaushe zai biya 'yarta? Wanda take kamawa shi ne mai kunya, mai gudun a ji kansu, ma'aikacin da albashinsa ya makara, ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a hanya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Mai ɗaukar wannan, ko ninkinsa biyu, idan aka ce ya tara kuɗin shekara a dunƙule bayan an cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, makararsa ba taurin kai ba ce, lissafi ne ya ƙi fita.

An sha kawo maganar a koma biya wata wata. Fashola da ya zama ministan ayyuka da gidaje ya yi ta kiran haka. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙuduri majalisar dattawa a kan hayar Abuja, ya tsallake karatu na biyu, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Ni ina ganin ko an yi dokar ba za ta yi aiki ba muddin fitar da mai taurin bashi na cin shekara biyu. Ba mai gidan da zai yarda da wata wata alhali ya san in aka daina biyansa ba shi da inda zai kai kuka a share masa hawaye da wuri. Gyaran daga kotu zai fara: a ware wa rigimar haya zama na musamman, a sa mata wa'adin makonni, a fara da sulhu. Mai gidan da ya tabbata zai karɓi gidansa cikin wata biyu ba ya bukatar razana kowa da kashi 10.

Majalisun jihohinmu kuma su daina yin kamar ba su ga takardun nan ba. Jihar da ke bin shari'ar Musulunci tana da hujja a hannu ta ce ƙarin da zai shiga aljihun mai gida ko dillali saboda jinkiri ɓatacce ne, ko an sa hannu. Jihar da ta ga sai an bar tarar, to ta yi mata iyaka kamar yadda masu ita suka yi: bayan kwanakin rangwame, sau ɗaya ba kowane wata ba, a kan kuɗin zaman da aka riga aka yi ba na shekarar da ba a shiga ba. Kafin su farka kuwa, abin da iyayenmu suke yi bai tsufa ba. A kawo mutumin kirki ya tsaya wa ɗan haya, wanda za a iya buga wa ƙofa. A raba kuɗin kashi biyu ko huɗu. A daidaita wa'adi da lokacin da kuɗi ke shigo wa mutum, manomi da kaka, ma'aikaci bayan albashi, kada a sa shi a makon da ake biyan kuɗin makaranta ko ana sayen ragon layya. Kai kuma ɗan haya, idan ka hango ba za ka cika ba, je ka faɗa tun saura wata guda, da ƙafarka, ba ta waya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma masu gidaje da yawa ba makarar ce ke ƙona musu rai ba, ɓuyan ne da kashe waya.

Na ce wa maƙwabcina mu tsallake dillali mu je wurin mai gidan da kanta. Ranar Asabar da hantsi muka je. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu shekarun baya, muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa na karanta mata layin, na fassara mata da Hausa. Ta ajiye faranti ta ce, "Ni na ce a rubuta haka?" Ba ta taɓa sanin da shi ba. Ita dai ta san ana kawo mata takarda ta dangwala yatsa, ana kawo mata kuɗi bayan an cire la'ada. Ko sau ɗaya ba a taɓa kawo mata wani abu da sunan tara ba, alhali gidan na hannun dillalin nan shekara da shekaru.

Amma ba ta sake shi haka nan ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, kai ma ba ka kyauta ba. Wata uku ko leƙowa. Ka ga kwanon ɗakin can? Jira nake ka kawo in kira kafinta kafin ruwa ya sauka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, kunya ce ta hana ni." Ta ce, "Kunyarka ba za ta tare mini ruwa ba, ɗan nan."

Aka tsaya a kan zai kawo naira 150,000 na watannin da ya zauna kafin Juma'a, sauran kuma kashi biyu, ɗaya bayan albashin wata mai kamawa, ɗaya bayan salla. Jikanta ya ɗauko biro aka rubuta a bayan takardar, na sa hannu a matsayin shaida, aka ja layi biyu a kan sharaɗin tarar. Har mun miƙe za mu tafi ta kira jikan nata ta ce ya je gidan ya karɓo mata takardun sauran 'yan hayar su huɗu, tana so a karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya tambayi kowannensu ko an taɓa karɓar wani abu a hannunsa bayan kuɗin haya, da nawa, da yaushe.